Mai sayen gidanmu na gado zai biya wani kaso da "maki" ba naira ba, in karɓa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, abin ga ya hana ni barci kwana uku. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana gida a Runjin Sambo. Mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, sai Innarmu. An zauna an yarda a sayar a raba, aka wakilta ni tunda ni ne babba. Wata biyar gidan na hannun dillalai. Miliyan 18 muka sa, tayi mafi tsoka da aka yi shi ne 17.

Makon jiya wani Alhaji ya zo ya zagaya gidan, ya ce ya saya miliyan 20. Har na fara rabo a zuci. Sai ya ce miliyan 11 zai turo ta banki, sauran 9 kuma zai ba ni a "maki". Wai suna da ƙungiyar 'yan kasuwa da ke sayar wa juna kaya ba da kuɗi ba, wanda ya ba da kaya a rubuta mai maki a asusunsa, maki ɗaya a matsayin naira ɗaya. Ya buɗe waya ya nuna min: sunansa a sama, lamba mai sifili rututu a ƙasa, sai jerin shaguna, masu siminti, rodi, kwanon rufi, shinkafa, har da mai babura. Ya ce a buɗe min asusu in shiga duk shagon da na ga dama in ɗiba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ja ni, don ina da kango a Bado da ya tsaya a linta shekara biyu. Amma ƙanwata ta ce ita kuɗinta take so ta gani a hannu. In karɓa, ko in koma wa mai 17?

Dillalin filaye, Mabera:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Gidan da kasuwa ta taya 17 wata biyar ba wanda ya ƙara ko sisi, sai ga mutum ya ɗora miliyan 3 ba ka ma yi ciniki ba? Wannan ƙarin shi ne farashin da ya yanka wa makinsa da bakinsa. Ya san bai kai naira ba.

Abu biyu za ka yi. Ka je shagon siminti ɗaya cikin jerin nan, kada ka ce kai wane ne, ka tambayi buhu nawa kuɗi hannu. Sai ka sake cewa, in da maki ne fa? Ka dubi fuskar mai shagon. Na biyu, ka ce wa Alhajin tunda maki ɗaya naira ɗaya ne, shi da ya san 'yan ƙungiyarsu ya je ya canza shi ya kawo maka naira. Sannan ka tambayi dillalin da ya kawo shi ko zai karɓi la'adarsa a maki. Ni dai na san amsar.

Wani ɗan'uwa:
Cinikin biri a sama ke nan. Mu da MMM ta rufe da kuɗinmu a Disambar 2016 ma lambobi muke gani a waya, masu kyau kuwa. Gudu ka yi Malam.

Mai sayar da kayan gini, hanyar Kalambaina:
A'a, kada a haɗa komai da MMM. Ba ni gishiri in ba ka manda tsohon ciniki ne, kuma kullum muna yi. Na sha ba mutum siminti ya ba ni mota ko fili. Tsarin maki ma ba baƙon abu ba ne a duniya: a Suwizalan akwai wanda ake kira WIR, tun 1934 ƙananan kamfanoni ke biyan junansu da shi, har yau yana aiki. To amma su wa yake yi wa amfani? Ɗan kasuwar da yau zai sayar, gobe ya saya, makin na shiga yana fita. Kai kuwa sau ɗaya za ka sayar da gidan ga. Miliyan 9 za ta zauna maka wuri guda, kuma ba makarantar yara ko asibitin da zai karɓe ta.

In har kana so, kada ka karɓi lamba, karɓi kaya. A zauna a ce buhun siminti kaza, rodi mai kauri kaza tan kaza, kwano bandir kaza, bisa farashin kuɗi hannu na ranar. A sauke maka su a kangonka ka ƙirga, sannan a yi maganar takardu. Dalili, makin a naira aka ƙayyade shi, kaya kuwa ba sa jiran kowa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mu da ke kasuwa mun ga yadda siminti ya yi tsalle farkon shekarar 2024, wanda ya bar kuɗin gini a ajiye ya tarar rabin buhunan da ya lissafa sun tafi. Siminti kuma ba ya son ajiya, in ya sha damina a kango ya zama dutse. Don haka ko kayan ma, iya abin da magini zai ci cikin wata ɗaya ko biyu za ka ɗauka.

Malamin zaure, Tudun Wada:
Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin a je ga ƙungiya, a fara da kai. Kai wakili ne, ba mai gida ba. Wakilin da aka ce ya sayar, da kuɗin gari zai sayar, sai fa in masu haƙƙi sun yi masa izinin wani abu daban. Ƙanwarka ta riga ta ce a'a.

Yi lissafin ma ka gani. A miliyan 20, tumunin mahaifiyarku miliyan 2 da rabi ne. Ragowar 17 da rabi a kasa shida, kowane namiji ya tashi da kusan miliyan 5 da dubu 830, kowace mace rabin haka. Ke nan ko ka ce duk rabonka ka ɗauka a maki, akwai fiye da miliyan 3 da dole ta faɗa kan sauran. Wa za ka ɗora wa? Inna?

Musayar gida da kaya halal ce in an san kayan, an san adadinsu da lokacin karɓa. Amma "shiga ka ɗibi abin da ka samu a farashin da ka tarar" akwai garari a ciki, wato rashin sanin abin da za ka samu. Kuma a kiyaye wajen shinkafar nan: a mazhabarmu ba a sayar da abincin da aka saya kafin a karɓe shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa zamanin Marwan bin Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abinci, suka riƙa sayar da su tsakaninsu kafin su karɓi abincin. Zaidu bin Sabit da wani sahabi suka je suka yi wa Marwan magana, ya aika dogarai suka bi takardun suna karɓewa suna mayar wa masu su. Duk abin da kuka yanke, in akwai saura a kan mai saye, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni.

Lauya:
Malam ya gama rabin aikina. Ƙari kaɗan: naira kaɗai doka ta tilasta wa kowa ya karɓa a Najeriya. Makin nan alkawari ne kawai daga ƙungiya, ranar da shagunan suka ce ba sa karɓa, ba ka da abin riƙewa. Kuɗin da ke bankin kasuwanci hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, na tsaya masa har miliyan 5 tun 2024, wannan ba mai tsaya masa. Nemi takardar rajistarsu da kundin dokokinsu, ka duba ko ana cire kamasho a kowane ciniki, ko makin na da wa'adi, ko ana mayar da shi kuɗi, kuma wa ke biya in ƙungiyar ta watse. Rajista ma ba shaidar suna da kuɗi ba ce.

Babban tarkon shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa an biya ku miliyan 20 cif. Da ka sa hannu a haka, Alhaji ya fita, ka koma bin mutanen da ba ka sani ba. A rubuta an biya 11, saura 9 bashi ne a wuyansa shi kansa zuwa rana kaza. Takardun gida su zauna hannunku, kuma in gidan na da satifiket na mallaka, kada ku sa hannu a takardar neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta shar'anta sai an cika.

Wata Hajiya, Arkilla:
Ƙanena, ni an taɓa ba ni rabon gadona a atamfofi, wai ai 'yar kasuwa ce ni. Shekara biyu ina bin bashinsu gida-gida, wasu har yau. Yayana kuwa sai da muka shekara ba ma gaisawa da daɗi. Ka ba ƙannenka kuɗinsu su yi abin da suka ga dama.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi shawarar dillali yau da safe. Mai siminti ya ce in da maki ne akwai ƙari a kan kowane buhu, kuma ba ya ba da fiye da buhu 30 a mako. Mai rodi ko kallon wayar bai yi ba, ya ce shi ma nasa makin ya taru bai san inda zai kai shi ba. Na kira Alhaji na ce ya canza ya kawo naira. Ya yi shiru, can ya ce in duka kuɗi hannu ne 16 zai iya. Na gaya wa Inna, ta ce a kira mai 17. Na kira shi, ya ce yana Illela, gobe bayan La'asar za mu haɗu a ƙofar mai unguwa.