Sarƙa mai mayen ƙarfe da ake canja mata kai, tana da ƙarko kuwa?

Uwar_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka taɓa amfani da irin sarƙoƙin nan da zobba da ake cire musu kai a sa wani, wato gindin guda ɗaya ne amma kwalliyar saman kala-kala ce kuma mayen ƙarfe ne yake riƙe ta, kina kawo ta kusa sai kiji ƙas ta kama. Na gansu a intanet an haɗa seti guda, sarƙa da zobe da 'yan kunne da awarwaro sai kawuna birjik, wani dutse wani fure wani kamar gilas da zane a ciki, wai duk kalar kayan da kika sa sai ki ɗauko wanda ya shiga dasu ki ɗora. Ni dai abin ya kwanta min a rai dan na gaji da tara sarƙoƙi suna harɗewa a akwati, amma ina tsoron abu uku. Kan baya faɗuwa ya ɓata mutum bai sani ba? Mayen ƙarfen baya mutuwa in an kwana biyu? Sannan fatata bata son ƙarfe barkatai, ɗan kunne in ba mai kyau bane kafin yamma kunnen yayi ja yana ƙaiƙayi. Ga yara ƙanana a gida masu kai komai baki. Wanda ya san kan abin ya taimaka min da shawara kafin in saya.

Anti_Kwalliya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina dasu kuma na daɗe ina sawa, abinda zan ce miki shine ba duka setin ne yake da amfani iri ɗaya ba. Ta wuya lafiya lau, kan yana kwance a ƙirji babu abinda yake bugunsa, sai dai in kin zo cire riga da gaggawa ko mayafi ya sarƙe. Zobe da awarwaro kuwa nan ake yin asara, saboda hannu baya zama waje ɗaya, kin zura shi a jaka kin buga shi a ƙofa kin ɗauki yaro, kuma ba kya jin faɗuwar kan, sai dai ki duba kiga gurbi fayau. Wani lokacin ma ba ƙasa ya faɗi ba, yana nan maƙale a jikin mukullai ko almakashi ko zif ɗin jaka, dan haka in ya ɓace fara duba duk wani ƙarfe da kika taɓa.

Abu na biyu da masu talla basa faɗa, kawunan kamfani ɗaya ba lallai su shiga gindin wani kamfani ba. Ko faɗin ya bambanta, ko kuma faɗin yayi daidai amma kina kawo shi kiji yana ture ki, wai an juya fuskar maganet ɗin ne. To kinga in kin shiga hannun kamfani ɗaya kin shiga kenan, duk sabon kai wajensu zaki koma, in suka daina yin samfurin kuma shikenan. Ki tambayi faɗin a milimita kafin ki biya. Kuma kada ki zube kawunan a waje ɗaya, haɗuwa suke su dunƙule suna karce juna, ki samu akwati mai ɗaki-ɗaki ko ki sa ɗan kwali a tsakani.

Maƙerin_Fari:

Hajiya barka da warhaka, bari in ɗan yi tsawo dan irin waɗannan suna yawan zuwa hannuna gyara.

Mayen ƙarfen da ake sawa a ciki kusan duk neodimiyam ne, haɗin neodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, a farkon shekarun 1980 kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka fito dashi kowa ta hanyarsa, kuma har yau babu maganaɗisu na dindindin a kasuwa da ya fi shi ƙarfi, shi yasa ɗan mitsitsi yake riƙe dutse mai nauyi. Zaki ga ana rubuta N35 ko N42 har N52, lambar na hawa ƙarfin na hawa. Maganar ya mutu dan an kwana biyu ki cire ta a ranki, in ba'a zalunce shi ba sarƙar zata koɗe ta tsufa shi yana nan da ƙarfinsa. Abu uku ne suke kashe shi. Zafi, irin na gama-gari in ya wuce digiri 80 na ma'aunin Selshiyos ya fara rasa ƙarfi kuma baya dawowa da kansa, dan haka kar a tafasa shi da sunan wanki, kuma duk maƙerin da ya kai wuta kusa dashi zai yi liƙi bai cire shi ba ya gama dashi. Sai tsatsa, domin shi a karan kansa yana saurin tsatsa, shi yasa ake lulluɓe shi da nikel (wani farin ƙarfe) da jan ƙarfe da nikel kuma, hawa uku, ranar da lulluɓin ya kwarzane ruwa da gumi suka shiga sai ya fara kumbura yana zuba kamar gari. Sai bugu, yana da ƙarfin jawo amma gautsi gareshi, in kina barin biyu suna karo da ƙarfi kullum wata rana gefe zai ɓalle.

Amma ni abinda nake so ki gane, ba ƙarfin maganet ne yake hana kai faɗuwa ba, gurbin ne. Maganet yana da taurin kai in kin ja shi miƙe sama, amma in kin tura shi ta gefe sulɓewa yake cikin sauƙi, kamar faranti biyu jiƙaƙƙu da suka manne, ɗagawa wahala zamewa ba komai. Kuma duk bugun da zobe yake sha ta gefe yake zuwa. Saboda haka wanda aka yi masa rami kan ya zauna a ciki baki ya kewaye shi, ko da maganet ɗinsa matsakaici ne, ya fi wanda aka ɗora a kan fili sumul da N52. Mutane suna ruɗuwa da lamba, ni bakin nake fara dubawa. In yana hannunki ki sa babban yatsa ki tura kan ta gefe, in ya motsa ki ajiye musu kayansu. Mai kyau za ki ga an bar ɗan tsagi da za ki sa farce, ko rami a baya da za ki turo shi, saboda in ba haka ba ke kanki ba za ki iya cire shi ba.

Sai ki duba yadda aka dasa maganet ɗin. Mafi yawan waɗanda ake kawo min ba ƙarfi suka rasa ba, gam ne ya saki, maganet ya bi kan ya fita ya bar rami. Wanda aka lanƙwasa ƙarfe aka rufe shi ciki ba'a ganinsa ko kaɗan shine na ƙwarai, wanda kike ganin ɗan farin ƙwaya a fili an ɗiga masa gam shine na jeka-na-yi-ka. Ɗan datti ko hoda ko mai da ya taru a gurbin shima yana rage kamu sosai domin tazara kaɗan ce take karya ƙarfinsa, ki riƙa gogewa da busasshen ƙyalle.

Wani abu a gefe, zinare da azurfa maganet baya kama su sam. In an ce miki gindin zinare ne zalla to dole akwai ɗan ƙarfe ko maganet da aka dasa a ciki, wannan ba laifi bane, amma in jikin sarƙar gaba ɗaya yana bin maganet to an yi miki ƙarya. Rashin bi kuma ba hujja bace cewa zinare ne, jan ƙarfe ma baya bi.

Sista_Nas:

'Yar uwa ni ɓangaren yaran ne ya sa na tsaya rubutu. Yaro in ya haɗiye maganet ɗaya tal sau da yawa yana bin bayan gida ya fita, matsalar in biyu ne, ko ɗaya da wani ɗan ƙarfe. Ɗaya yana wannan lanƙwasar hanji ɗayan yana waccan, sai su jawo juna su matse naman hanjin a tsakani, jini ya daina zuwa wajen, ya ruɓe ya huje, ƙarshenta sai tiyata. Kuma da farko yaron zai iya zama garau yana wasa, ko ɗan ciwon ciki da amai da za'a ɗauka wani abu ne daban. A 2021 hukumar lafiya ta Ingila NHS ta yi gargaɗi saboda yara da matasa suna sa ƙananan maganet a harshe kamar sun huda suna kwaikwayon abinda suke gani a TikTok suna haɗiyewa, Amurka kuma a 2022 ta kafa doka a kan ƙananan maganet masu ƙarfi da za'a iya haɗiyewa, har da na kayan ado. To abin ba wasa bane. Kai mai faɗi da ba zai shiga maƙogwaro ba da sauƙi, abin tsoron shine ƙananan kawunan 'yan kunne da kuma ƙwayar nan da malam maƙeri yace gam yana sakinta. In kin duba kinga ƙwaya ta ɓace kuma kina zargin yaro, kar ki jira alama kar ki sa shi amai, asibiti kai tsaye a ɗauki hoto kuma ki faɗa musu maganet ne.

Ƙaiƙayin da kike faɗa yawanci nikel ne, kuma kinji shi ake lulluɓe maganet ɗin dashi, dan haka ki nemi wanda maganet baya taɓa fata. Tarayyar Turai tun 1994 ta sa iyaka, abinda yake daɗewa a jikin fata kar ya saki nikel fiye da maikirogiram 0.5 a kowane murabba'in santimita a sati, na cikin huda kuma daga baya aka sa 0.2. Kayan da aka yi dan kasuwar can ana sa ran sun bi wannan, na intanet da ba'a san asalinsu ba kuwa kowa rubuta abinda yake so yake yi.

Sannan in akwai mai na'urar bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji a gida, shawarar da ake bayarwa ita ce maganet ya yi nesa da ita da aƙalla santimita 15, kinga sarƙar wuya kuwa daidai wajen take sauka. In za'a shiga hoton MRI ma, wato hoton asibiti da ake ɗauka da babban maganet, a cire komai.

Ɗan_Kallo:

Afuwan na shigo zancen mata, uwargida nake son saya wa. Sista ni naji ana cewa irin waɗannan har maganin ciwon gaɓoɓi suke, wai suna jan ƙarfen da ke cikin jini ya riƙa gudu sosai, gaskiya ne?

Sista_Nas:

Malam ka saya mata dan ado kawai. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin wanda maganet yake ja bane, da haka ne da injin MRI da ya ninka na zobe ƙarfi nesa ba kusa ba babu mai fitowa daga cikinsa lafiya. An gwada awarwaron maganet da na bogi a kan masu ciwon gaɓoɓi ba'a samu wani bambanci na kirki ba. In tana da ciwo ta ga likita.

Uwar_Biyu:

Kai Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru. Sista kin tsorata ni da zancen yaran nan, kuma kakarsu tana da na'urar zuciyar, kullum in mun haɗu sai mun rungumi juna. Ina ga 'yan kunnen da zoben na haƙura dasu. Malam maƙeri babu irin wannan tsarin na canja kai amma ba maganet? Kuma waya da katin banki da agogo fa, baya lalata su?

Maƙerin_Fari:

Akwai Hajiya, iri biyu ma. Akwai na maɓalli da ake dannawa ya shige kamar maɓallin rigar jarirai, wanda aka fi samu mai faɗin milimita 18 ne kuma shi kamfanoni da yawa suna yin girma ɗaya dan haka kawunan sun fi shiga juna, aibinsa in an yi ta cirewa ana mayarwa bakin yana saki. Akwai kuma na murɗawa mai zare kamar noti, shi yafi dacewa da zobe dan bugun gefe baya fitar dashi, sai dai ki riƙa ɗan ƙara murɗa shi kafin ki fita saboda yana kwancewa a hankali. Tunda akwai mai na'ura a gidan ni da na murɗawar zan ce ki fara nema, har ta wuyan ma.

Waya babu abinda ɗan maganet ɗin zai mata, iyaka kamfas ɗinta mai nuna gabas da yamma ya ruɗe in sun haɗu. Katin banki ɗan guntun zinaren nan na gaba baya jin maganet, baƙin layin baya ne yake iya gogewa, katin ɗakin otal ma ya fi saurin lalacewa. Agogo mai batir da wuya ya samu matsala mai ɗorewa, amma wanda ake murɗa masa kai ya yi aiki ko mai tafiya da motsin hannu in ya sha maganet sai ya kama gudu yana wuce lokaci, mai gyaran agogo yana da ɗan injin da yake cire masa, dan haka in dai an riga an sayi awarwaron to a sa shi a ɗaya hannun.