Hoton mai ruwa: a tambaye shi tukuna, ko a ɗauka kawai?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum jama'ar kwatas. Na kawo maganar nan zaure ne don ta shafi kowa. Kun san Sadiq yana ɗaukar hotunan masu sana'a na unguwar nan da wayarsa yana sawa a Facebook: mai faci na bakin get, masu wanki da guga, mai shayi, 'yan garuwa. Jiya dogon yaron nan mai kawo ruwa layinmu ya same ni ransa a ɓace. Hotonsa yana tura kura ya kai har garinsu, wani ya nuna wa dangin yarinyar da yake nema, su kuwa abin da suka sani shi ne tsaron shago yake yi a Kaduna. Na kira Sadiq, sai ya ce mini wanda ke aiki a kan titi ba sai an nemi izininsa ba. Ni ban yarda da wannan magana ba, ina so in ji ta bakinku.

Sadiq: Wa'alaikumus salam. Mama, har yanzu ina kan maganata, amma a bar ni in faɗi dalili. Hoton nan da sassafe na ɗauke shi a hanyata ta zuwa aiki, hazo bai washe ba. Yana hawa gangaren bayan masallaci, kura cike da jarkoki, ya kafa ƙafa ɗaya a baya har silifas ɗinsa ya lanƙwashe, jijiyoyin hannunsa duk sun fito, ruwa na ɗiga ta bakin wata jarka da aka toshe da leda. Da na ce masa "tsaya in ɗauke ka", sai ya saki kurar, ya goge fuska, ya miƙe tsaye kamar mai ɗaukar fasfo. To aikin ya tafi, saura mutum a tsaye kawai. Ni aikin nake so a gani. Ban sa sunansa ba, ban yi masa ba'a ba, abin da na rubuta a ƙasa shi ne "da guminsu muke sha".

Ku duba tsofaffin hotunan Kaduna da ke yawo: Lugard Hall, Sardauna da baƙinsa, hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956. Ina leburorin reluwe? Ina matan da ke sayar musu da abinci? Kasuwar Barci da muka taso muka gani an rushe ta a 2020 domin sake gini, tsohuwar gadar Kawo ma ta tafi, an buɗe sabuwa a 2022. Wa ke da hoton telolin Kasuwar Barci a kan kekunansu?

Baba Yohanna: Yaron nan ya taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ni a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri na ƙare ƙuruciyata, sashen saƙa. Masaƙar KTL a 1957 ta fara aiki, a 2002 ta rufe, masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007. A lokacin da harkar ke ci, in aka busa jiniyar canjin aiki sai ka ga titi ya cika da kekuna, na dare na shiga, na rana na fita da auduga a gashin kai da gira. Masu ƙosai da koko jere a bakin get tun kafin gari ya waye. Yau jikokina in na ba su labari sai su ce Kaka nuna mana. Ba ni da abin nunawa sai hoton katin shaidar aiki. Da wani ya ɗauke ni a gaban injina ban sani ba, yau da na gode masa.

Hajiya Binta: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma kai a lokacin aikin masaƙa abin alfahari ne, har aure ake ba mutum saboda shi. Mai ruwan nan ɗan ci-rani ne, abin da yake tsoron a gani daban.

Kabiru: Ni fa ban ga laifin Sadiq ba. Shi mai ruwan ne ya faɗa wa surukansa abin da ba shi ba. Da ɗan garinsu ne ya sauka a tashar Kawo ya gan shi da kura fa? Shi ma sai a ce ya yi laifi da ya kalla? Garuwa sana'a ce ta halal, in famfo ya ɗauke dukkanmu su muke leƙe ta katanga muna jira.

Malam Nasiru: Kabiru, sana'ar halal ce, babu ja. Amma gyara tsakaninsa da surukansa ba aikin Sadiq ba ne, ba kuma namu ba. Ɗan garinsu da zai gan shi a tasha mutum ɗaya ne, yana iya ja masa kunne a ɓoye, yana iya yin shiru. Hoto a Facebook ba ya yin shiru, kuma ba ya zaɓar wanda zai gani. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, kuma hadisi ya inganta cewa wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Na san Sadiq ba da nufin tonon asiri ya ɗauka ba. Sai dai asirin ya tonu, kuma wanda ya ji a jikinsa shi ne mafi rauni a cikinmu.

Alhaji Sani: Ni ta fuskar tsaro nake kallon abin, tun da kwamitin tsaro a hannuna yake. Na shiga shafin na duba. A hoton mai guga ana ganin lambar gida ƙarara da motar mai gidan a ciki. A na maigadi kuma ana ganin inda yake kwana da yanayin makullin ƙaramar ƙofa. Da halin da muke ciki a jihar nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan an ce mini hoton waya yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi.

Sadiq: Ranka ya daɗe, maganar lambar gida da mota na karɓa, wannan gyaransa mai sauƙi ne, a yanke gefen hoton ko a dusashe bayansa. Bayanin wuri kuwa yana shiga hoto ne in an kunna shi a kyamarar waya, tawa a kashe take. Ko a kunne yake, mai sauke hoto daga Facebook ba ya samunsa, haka in an tura ta WhatsApp a matsayin hoto. In aka tura shi a matsayin fayil ne yake tafiya da komai nasa. Wannan ya kamata kowa a zauren nan ya sani, ba ni kaɗai ba.

Maman Ihsan: Ku bar ni in yi magana, don ni ma ina cikin waɗanda aka ɗauka. Ina tuyar waina a ƙofar gida, hayaƙi ya sa idona ya yi ja, ɗankwalina ya zame, hannuna duk ƙullu. Sai ƙanwata da ke Rigasa ta turo mini ta ce Yaya ga ki a intanet. Hoton ya yi kyau, ban musa ba, har mutane na tambayar inda ake sayarwa. Amma maigidana bai ji daɗi ba, ni ma da na ƙara dubawa sai na ji kunya. Sadiq, kai ɗan unguwa ne, a gabana ka girma. Da ka ce Anti zan ɗauki tandar nan, da na gyara mayafina na ce bismillah. Ba zan daina tuya don ka ɗaga waya ba, wainar ƙonewa za ta yi.

Sadiq: Anti, ki yi haƙuri da abin da ya biyo baya a gida. Amma ki faɗa mini tsakani da Allah, da na nuna miki kafin in sa, za ki bari?

Maman Ihsan: Wannan ɗin ba zan bari ba. Wani zan ce ka sake ɗauka.

Sadiq: To kin ga inda matsalar take. In kowa sai ya zaɓi wanda ya fi yi masa kyau, abin da za a bar wa na baya shi ne unguwar da babu mai gumi a cikinta.

Barista Hauwa: Bari in faɗi abin da doka ta ce, don kada a yi ta jifa da ita. Babu wata doka ta gaba ɗaya da ta hana ɗaukar hoto a kan titi, kuma haƙƙin mallakar hoto a asali na wanda ya ɗauka ne. Inda aka hana ƙarara shi ne wuraren tsaro, a ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962, kuma garin nan cike yake da su, daga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA har hedikwatar runduna ta ɗaya. Kada wanda ya ɗaga waya a can. A ɗaya ɓangaren, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, sannan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, fuska kuwa tana ciki. Dokar ta yi sassauci ga abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa, da kuma aikin jarida da fasaha in akwai maslahar jama'a. Saboda haka ɗauka daban, yaɗawa daban. Hoton yara ƙanana kuma, masu talla ko almajirai, ina ba da shawarar a bar shi sam sai da yardar iyaye ko malaminsu. Amma Sadiq, ƙanina, ka san mai ruwan nan ba zai taɓa kai ka kotu ba. Ba shi da kuɗin lauya, ba shi da lokacin barin kura. Ka tambayi kanka ko za ka ɗauki Alhaji Sani yana wanke motarsa da singileti ka sa ba ka gaya masa ba.

Kabiru: Alhaji a cikin gidansa yake wanke mota, Barista. Ba ɗaya ba ne.

Barista Hauwa: Saboda yana da katangar da zai shiga. Shi wancan titi ne wurin aikinsa, ba don ya zaɓa ba.

Usman Mai Hoto: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Ni da situdiyo na ci abinci a Tudun Wada tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, har waya ta zo ta karɓe kasuwar. Sadiq yana da ido, wannan na shaida, ya san kada ya bar rana a bayan mutum fuska ta yi baƙi, ya san ya durƙusa ya ɗauki mai faci daga ƙasa. Inda na saɓa da shi shi ne cewa tambaya na kashe hoto. Gaggawa ce ke kashe shi. Lokacin da nake zuwa ɗaukar masu walda da kafintoci don kalandar ƙungiyarsu, sai in gaishe su, in faɗi abin da ya kawo ni, in nemi benci in zauna. Da farko kowa na gyara riga yana kallona. In aka jima kwastoma ya zo, ƙarfe ya yi zafi, sai su manta da ni gaba ɗaya. A nan nake samun hoton. Izinin sau ɗaya ake nema, ba a kowane ɗauka ba. Kai matsalarka kana kan hanyar ofis ne, kana so ka ɗauka ka wuce.

Sannan mu a da in mun ɗauki mutum, shi ke fara riƙe hotonsa a hannu. Yanzu duk duniya ta gani, mai fuskar ne na ƙarshe. Akwai masu buga hoto a cikin gari, kuɗin ƙaramin kati bai taka kara ya karya ba. Ka buga ka kai wa mai shayi nasa ya manna a jikin teburinsa, ka ga ko gobe ba shi zai kira ka ba.

Baba Yohanna: Usman ya faɗi gaskiya a kan zama. Amma ni ina roƙon kada a sa yaron nan ya goge komai. Abin da ke ba mutum kunya yau, bayan shekara talatin 'ya'yansa nema za su yi. Ya sauke daga intanet, ya adana a wuri mai kyau, ya rubuta sana'ar da shekarar da layin da aka ɗauka.

Hajiya Binta: Shi dai mai ruwan abin da ya roƙa a cire. Bai ce a biya shi ba, bai ce a ba shi haƙuri ba.

Sadiq: Na cire nasa da na Anti yanzun nan, na maigadi ma na cire saboda maganar Alhaji. Amma ba zan goge su daga wayata ba, kuma ban sauka daga cewa ɗauka a kan titi ba ta buƙatar izini ba. Abin da na ɗauka daga bakin Barista shi ne yaɗawa, nan zan riƙa nuna wa mutum kafin in sa. Wanda ya ƙi, nasa ya zauna a ajiye.

Malam Nasiru: Ajiyar ma da saninsa ya kamata ta kasance. Waya tana ɓata, ana sace ta, ana kai ta gyara.

Sadiq: Malam, a nan kam ba mu haɗu ba. In na ce masa yana nan zai ce in goge, kuma ba ni da irinsa.

Usman Mai Hoto: Ranar Asabar ba ka da aiki, ka same ni wurin masu guga da hantsi, kafin su zuba gawayi na biyu. Ka zo da caji a wayarka, zaman zai yi tsawo.