Ma'aikacin gwamnati da dillancin filaye a Damagaram: rajista ta isa?

Issufu: Ni a ganina, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti yana iya yin dillancin gidaje da filaye bayan tashi daga aiki. Ya yi rajistar 'yan kasuwa, wato RCCM, ya karɓi lambar mai biyan haraji, wato NIF, a ofishin haraji, ya biya abin da aka yanka masa. Wa ya cuta?

Hajiya Rabi: Ƙanena, rajistar ce ma matsalar. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, kuma dokar kasuwancinta ta lissafa dillanci da sayen fili don a sake sayarwa cikin ayyukan ɗan kasuwa. Sashe na 9 kuma ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan kasuwa. To da wane suna za ka je ka yi rajistar?

Issufu: Hajiya, ai mutane da yawa suna yi.

Malam Sani: Suna yi a ɓoye, da sunan mata ko ƙane. Ranar da fili ɗaya ya fito da takardu biyu, mai sunan ne zai tsaya gaban alƙali, wanda ya ci la'adar kuwa yana ofis. Amma Hajiya, sayen gida a ba da haya fa? Ɗaliban Jami'ar André Salifou kullum neman ɗaki suke.

Hajiya Rabi: Wannan daban ne, Malam. Dukiyarka ce kake cin hayarta.

Alhaji Mamman: Ni dillali ne, kuma tun kafin a buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 nake wannan sana'a. Abin da ke damuna bai shafi takarda ba. Dillalin da shi ma mai sayen filaye ne, gwauruwa ta kawo masa gidan gado a tsohuwar unguwar Birni, ya san darajarsa, sai ya ce kasuwa ta faɗi, ya sa abokinsa ya saya masa da araha. Wannan cin amana ne, da NIF ko babu. In kana son gidan, ka faɗa mata kai ne mai saye, ka bar la'ada, ta nemi wani ya yi mata kima.

Issufu: To Alhaji, mai aiki a kamfani mai zaman kansa fa?

Alhaji Mamman: Ya yi rajistarsa. Amma ɗana, sai ya koyi bambanta takardar mallakar gargajiya da takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa da kuma titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili ta gwamnati. Ofisoshin da ake tantance su kuwa lokacin aikinsa suke buɗewa. Wa zai je masa?