Ina ake cin abinci mai kyau a Njamena, kuma ina ake sayen kayan miya na asali?

Baƙon_Klemat:

Assalamu alaikum jama'a. Aiki ya kawo ni Njamena daga Garwa, masaukina yana wajen Klemat. Taimako biyu nake nema. Na farko, wurin cin abinci mai tsabta wanda mutum zai iya kai baƙo ba tare da ya ji kunya ba, ba lallai sai na manyan otal ba. Na biyu, inda ake sayen kayan da ba a samu a kowane shago: man shanu mai kyau, busasshen nama, banda, dabino, zuma, da kayan gwangwani na waje idan ta kama. Larabcin nan bai zauna mini ba tukuna, Faransanci kuma sama-sama. Allah ya saka da alheri.

Na_Layin_Mahauta:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da zuwa. Ba zan ba ka sunan shago ba, don a garin nan mai gashi yakan sauya rumfa, kuku yakan bar gidan abinci allon ƙofa bai canza ba. Lokaci za ka koya, shi ne ba ya ƙarya.

Babbar mayankar garin tana Farsha. Da asuba ake yanka, da hantsi nama ya watsu cikin kasuwanni, kuma wanda ya bi ta hannun likitan dabbobi za ka ga hatimin tawada a jikin cinya ko haƙarƙari. Mai gashin kirki yana rataye cinyar a gabanka, yana yanka yana ɗorawa a wuta. Wanda ya tara nama gasasshe tuli guda a gefen waya yana yayyafa masa mai, ɗumame yake sayarwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, naman da ya wuni a irin wannan rana ba shi ne naman safe ba ko da dabba ɗaya ce. Saboda haka ka je tsakanin hantsi da azahar, ko kuma bayan magariba lokacin da aka sake hura wuta, ka tambaya kai tsaye ko na yau ne.

Gashin nan ya bambanta da tsiren da ka saba. Ba a cika tura masa ƙuli ba. Gishiri ne, garin barkono da suke kira shatta, ɗanyar albasa, lemun tsami, sai burodi dogo irin na Faransa. Akwai rago, akwai sa, akwai raƙumi. Idan raƙumi za ka ci, ka ce a haɗa maka tsoka da ɗan tozo, kamar kashi uku na tsoka ɗaya na tozo, domin tsokar raƙumi ba ta da kitse, ita kaɗai takan bushe a wuta ta zama igiya. A ci shi da zafi. Kitsen tozo da ya huce yana daskarewa a dasashi, sai ka tsani naman alhali laifin jira ne. Shi ya sa ba a ƙunshe shi a tafi da shi nesa.

Da safe kuma nemi marara, farfesun kayan ciki ke nan. Leƙa tukunyar: in tana tafasa a kan wuta, bismillah. In an sauke ta tana ɗumi-ɗumi, wuce gaba.

Gidajen abinci na zama, irin na Labanawa, 'yan Sin da girkin Faransa, sun fi yawa a titin Charles de Gaulle da kewayensa, sai manyan otal na bakin kogi. Can za ka kai baƙon ofis. Wasunsu suna sayar da giya, kuma a unguwannin kudu kamar Mursal da Shagwa akwai wuraren da ake gasa alade, don haka tambaya kafin a zauna ba abin kunya ba ne, kowa ya saba.

Uwar_Tukunya:

Sannu ɗana. Kafin ka taka kasuwa, gyara lissafinka, don nan ne baƙo yake fara faɗuwa. Da Larabcin Chadi ana faɗin kuɗi da riyal, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, daidai da dalarmu. In mai kaya ta ce ishirin, sefa 100 take nufi. In ta ce miya, ba ta tuwo ba ce, riyal ɗari ne, wato sefa 500. Miten jaka guda ke nan, alif kuma jaka biyar. Da Faransanci ne kawai ake faɗin adadin da ke rubuce a jikin takardar. Sefar da ka zo da ita daga Kamaru ita ce ta nan, ba canji. Ta Nijar ce ba ta ci a kasuwa. Ma'auni kuma koro ne, kwano mai ɗaukar hatsi wajen kilo biyu da rabi in an yi masa tozo. Duba gindin kwanon, wani an buga shi ya shige ciki.

Babbar Kasuwa tana gefen babban masallacin Sarki Faisal, ranar Juma'a kada ka je da azahar. Kasuwar Gero ta fi ta sauƙi a hatsi, wake, riɗi, kuka, busasshiyar kuɓewa da kayan ƙamshi. Kasuwar Dembe ta fi ɗanyen kaya, ganye da kifi. Riƙe jakarka ko kwando, tun 2010 hukumar birni ta hana leda.

Ga abubuwan da suka cancanci wahalarka.

Sharmut: nama ne da aka yanyanka siriri aka shanya, ba labu ba yaji, ba kilishi ba ne. Miya ake yi da shi. Sayi silinsa, kada ka sayi dakakke, don a cikin gari ake ɓoye jijiya da wanda ya fara lalacewa. Nama kilo uku ɗanye da ƙyar yake ba da kilo ɗaya busasshe, to in ka ga sharmut da araha ƙwarai, ko bai bushe ba ko ba tsoka ba ce. Mai kyau yana karyewa ƙas, ba ya lanƙwasa, ba ya maiƙo a hannu. A gida a ɗan soya shi sama-sama a mai kaɗan kafin a daka, ƙarnin zai tafi.

Kawal: ganyen tafasa ne da aka ruɓar aka busar, baƙi, ƙamshinsa ya fi na daddawa ƙarfi. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi tukunyar mutum biyar. Wanda ya zuba shi da ludayi ya yi wa almajirai girki.

Dihe: wannan kam sai Chadi. Wani koren abu ne da ke tasowa a saman tafkunan kanwa na Kanem da yankin Tafkin Chadi, matan Kanembu suke kwasa su zuba a kan rairayi ya bushe ya zama ɓawo-ɓawo. Matsalarsa yashi. A jiƙa shi a ruwan ɗumi ya narke, a dama, a bar shi ya kwanta kamar minti goma, a tsiyaye na sama a wata roba ta cikin rariya mai laushi, a zubar da na ƙasa. Sau biyu ake yi. Wadda ta tsallake wannan, miyarta za ta yi gara-gara a haƙori. Zaɓi mai kore shar mai duhu, wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa ko ƙasa ta yi masa yawa.

Man shanu: nemi soyayye, shi ke yin watanni, ɗanye yana ɓaci cikin kwanaki. Na gaske in ya kwana a wuri mai sanyi yana daskarewa gaba ɗaya da 'yan tsaki-tsaki. In rabi ya daskare rabi yana yawo a sama, an tsawaita shi da man gyaɗa ko na jarka. Fara da kwalba ƙarama, in ya yi ka riƙe wannan matar.

Dabinon Faya busasshe ne mai tauri, haka halittarsa take, ba tsufa ba ne. Fasa guda biyar daga tsakiyar buhu. In biyu suna da gari baƙi a jikin ƙwallon, ƙwaro ya riga ka. Albasa, tafarnuwa da busasshen tumatir na wajen Abeshe ne suka yi suna. Tumatir ɗin ma sayi yankakke ka kai inji da kanka.

Ɗan_Bakin_Shari:

Hajiya ta gama magana a kan kayan miya, amma ita da Malam na layin mahauta sun bar abin da garin ya fi kowa. Njamena a mahaɗar kogunan Shari da Logon take. Wanda ya zo nan ya ƙare a nama kaɗai ya yi asara.

Giwan ruwa shi ne kapiten a takardar gidajen abinci. Sai karfasa, tarwaɗa, bargi da ƙurungu. Dokar cin gasasshen kifi ɗaya ce: ka zaɓa ɗanye da idonka, a yi ciniki, sannan a ɗora. Ɗaga kunnensa, cikin ya zama ja jawur, ba ruwan toka ba. Ido ya fito tar, ba ya lotsa ba. Danna bayansa da yatsa, in gurbin ya tsaya bai taso ba, ajiye. Karfasa mai rabin kilo tana son kamar minti ashirin zuwa ashirin da biyar a garwashi, an tsaga ta uku kowane gefe. Wanda ya kawo maka ita cikin minti biyar, tun ɗazu take a gashe. A gidan abinci kuma in an ce kapiten aka kawo yanka mai ƙananan ƙayoyi birjik, ba shi ba ne. Naman giwan ruwa fari ne, yana ɓarewa fala-fala, ƙayarsa manya ce.

Busasshe iri biyu ne. Salanga ƙanana ne da aka tsaga aka shanya a rana, banda kuma ta hayaƙi. Jijjiga kwandon banda, in gari yana zuba ƙwari sun cinye cikin, fata za ka saya. Amma wadda ta fi haɗari ita ce wadda ƙuda ko ɗaya ba ya sauka a kanta alhali na maƙwabta sun cika da shi, tana kuma wani wari kamar na shagon maganin gona. Wasu na fesa mata maganin ƙwari don ta jure hanya. Wanki ba ya fitar da shi duka, a bar ta kawai.

Inda na saɓa wa Malam: titin Charles de Gaulle ba shi ne ma'aunin tsabta ba. Rumfar da ke sauke tukunya uku kafin la'asar ta fi gidan gilashin da mutum huɗu suka shiga tun safe, domin na biyun firji yake dogara da shi, wutar garin nan kuwa ka gani da idonka. Baƙon da kake son ya san Chadi, kai shi inda ake kisar da miyar kuɓewa da sharmut. Kisar fanke ce siririya mai ɗan tsami, kamar an shimfiɗa sinasir ya zama takarda. Esh shi ne tuwo, mula miya, karkanji zoɓo. Da kalmomin nan huɗu ba za ka kwana da yunwa ba.

Mai_Sito:

Ƙari a kan maganar firji, tunda kai baƙonmu ka ambaci kayan waje. Yawancinsu daga tashar jirgin ruwan Duwala suke tasowa, su bi ta Ngaundere su shigo ta gadar Ngeli, tafiyar kimanin kilomita 1,800. Shi ya sa suke da tsada, shi ya sa kuma sanyi yake yankewa a hanya. Kaza ko kifin kwali da ya narke aka sake daskarar da shi ana gane shi: ƙanƙara mai launin jini a gindin ledar, yankan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, kwalin ya jiƙe ya bushe ya lanƙwashe. Cakulan da ya yi fari-fari zafi ya sha, ba ya cutarwa amma daɗin ya ragu. Gwangwanin da murfinsa ya kumbura, ko kyauta ne kada ka karɓa.

Rubutun kwanan wata iri biyu ne da Faransanci. "À consommer jusqu'au" na kayan da ke lalacewa ne, kamar yogot da nama, in ya wuce a zubar. "De préférence avant" na taliya, biskit da shinkafa ne, in ya ɗan wuce inganci ne ya ragu. Kafin ka sayi cuku ko bota, saurara ko janareta na aiki a bayan shagon, ka kuma taɓa kayan can ƙasan firjin, ba na sama ba.

Kayan Kamaru da ka saba da su sun fi sauƙi a Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi, amma iyaka ce, riƙe takardunka, kuma kaya mai yawa sai ka yi magana da kwastan.

Baƙon_Klemat:

Madalla, Allah ya ƙara arziki. Hajiya, saura zuma. Gwajin ashana da ake yi, gaskiya ne?

Uwar_Tukunya:

Ba ya nuna komai, ɗana, sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma yana barin ashana ta kama. Kuma zumar da ta daskare ta yi tsaki ba jabu ba ce, da yawan na gaske haka suke yi, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ta narke. Wadda take kumfa tana tsami kamar giya ita ce aka yi wa ruwa ko aka ɗebe ta ba ta nuna ba. Nemi mai sayarwa da saƙarta a ciki, ka tace da kanka da farin ƙyalle. Ta kudancin Chadi da ta Adamawa duk suna shigowa, ta Adamawar kuwa kai da ka fito Garwa ka fi mu sanin hanyarta.