Neman shawara: an mayar da aikina Yamai, kuɗin haya ya hana ni sakat

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaci ne a nan Damagaram, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma an ba ni takardar sauyin wurin aiki zuwa Yamai. Ban taɓa biyan haya ba, domin muna zaune a gidanmu na gado a unguwar Birni, wanda mahaifinmu ya bar mana mu bakwai, kuma har yau ba a raba shi ba saboda yayanmu da ke Agadas bai yarda a yi wa gidan kuɗi ba. Ruwan damanar 2024, wanda ya kayar da tsohon masallacin Birni, ya tsaga bangon sashena, ni kaɗai na gyara shi da bashin da nake biya har yanzu, kuma da zarar na tashi ƙanena zai shiga da amaryarsa. Dillalin da aka haɗa ni da shi ya ce ɗaki biyu da falo a unguwar Bobiyel ta Yamai jika 70 ne a wata, wato sefa dubu 70, sai na ba da na wata uku tun kafin shiga, da kuɗin ajiya, da la'adarsa. In tafi da iyali ko in bar su?

Alhaji na Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na yi shekaru ina kai kaya Yamai, kuma ina gaya maka kada ka ɗauki iyali. Wanda yake da ɗakin gado ba ya barin sa ya je ya cika aljihun wani. A Yamai jika 70 somin-taɓi ne, domin ga takardar wuta, ga ta ruwa, ga kuɗin taksi ko faba-faba (ƙananan bas na haya) kullum, tunda garin ba Damagaram ba ne da za ka hau kabu-kabu ka isa ko'ina cikin ƙanƙanin lokaci. Ka kama ɗaki ɗaya a Talaje ko Harobanda, ka riƙa zuwa gida lokacin hutu.

Wata malamar makaranta:
Malam, ba ka faɗi albashinka ba, ba ka kuma faɗi ra'ayin maiɗakinka ba, alhali waɗannan biyu su ne tushen maganar. Alhaji, da girmanka, tsakanin nan da Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota. Maigidana haka ya yi, ya zama tukunya biyu muke ɗorawa da albashi ɗaya, ni kuma aka bar ni da rashin lafiyar yara da 'yan garuwa da ke ƙara wa ruwa kuɗi duk bazara.

Mai tambaya:
Malama, albashin bai kai yadda mutane suke zato ba, shi ke nan abin da zan iya cewa a cikin jama'a. Maiɗakina kuwa duk abin da na yanke za ta bi. Amma ba zan iya barin ta cikin gidan yawa ba, domin akwai abubuwan da ban rubuta ba.

Wani ɗan Garin Malam mazaunin Yamai:
Yaya, ni a Yamai nake haya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gida ya ƙara kuɗi ba tare da ya taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Rufinmu yana yoyo, muna tara roba a tsakar falo, amma da na yi magana sai ya ce akwai masu jira. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 jika 42 ne, ka dubi wannan ka dubi abin da dillalinka ya faɗa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suke zagayowa ta Togo da Burkina, kuma mu masu cefane mu ne muke jin nauyin zagayen. Kada ka biya ko dala sai ka ga gidan da idonka, ka kuma tambayi maƙwabta ko ruwa yana kwanciya a layin da damana.

Alhaji na Zango:
To ka ji daga bakin mazaunin garin. Abin da za ka ba mai gida a shekara biyu ya isa ka fara biyan fili a bakin gari, ga shi gwamnati ta rage kuɗin siminti a 2024, ta kuma mayar da litar fetur sefa 499. Masu kuka da haya su ne waɗanda suka ƙi haƙurin ɗaki ɗaya.

Wata malamar makaranta:
Alhaji, fili a bakin garin Yamai ba wuta ba ruwa, wa zai zauna cikinsa? Kuma mutum nawa ne suka sayi fili daga baya wani ya fito da tasa takardar?

Wata Hajiya daga Sabon Gari:
Ɗana, ni maganar gidan gadon ta fi damuna. Ku tara dangi a raba, ka karɓi rabonka, shi ne jarinka. Mu ma namu haka aka yi ta jan ƙafa har manyan suka ƙare, yanzu jikoki ne suke zaman shari'a.

Mai tambaya:
Hajiya, ba ni zan fara tayar da maganar rabo ba ina cikin ƙanana, kuma gyaran da na yi ban yi don a biya ni ba. Alhaji, ɗaki ɗaya ba zai yiwu ba, domin babbar 'yata tana ajin jarrabawa, ni nake duba mata karatu da dare. Bobiyel kuwa na zaɓe ta ne saboda kusancinta da wurin aikin, ba don son girma ba.

Alhaji na Zango:
Ashe ka riga ka yanke hukunci, ƙanena, sa hannunmu kawai kake nema. Allah Ya ba da sa'a, amma ka tuna na gaya maka.

Mai tambaya:
Ban yanke komai ba, Alhaji. Dillalin ya sake kira yanzu, ya ce in ban aika wani abu ba kafin Juma'a zai ba wani. Akwai wanda ya san gida mai sauƙi wajen Lazare ko Banifandu?