Neman shawara: rubutun sitikar humrata ya ɓace bayan bugu

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Ina haɗa humra da turaren wuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙanena ne ya zana min sitika da wani salon rubutu mai suna Bodoni, irin wanda wani ɓangaren harafin ke da kauri, wani kuma siriri kamar zare. A waya ya yi kyau matuƙa. Da aka buga min guda 500 a Sabon Gari, ruwan gwal a kan baƙi, sai siraran layukan suka ɓace. H ɗin "Humra" ta koma sanda biyu a tsaye, lambar wayata ma ba ta karantuwa. Wallahi raina ya ɓaci. Laifin mai bugu ne ko na rubutun?

Auwalu mai zane: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Rubutun ba shi da aibu, wurin da aka sa shi ne bai dace ba. Giambattista Bodoni, wani mai ɗab'i a garin Parma na Italiya, shi ya tsara shi a ƙarshen ƙarni na 18, takwaransa Didot na Faransa ma ya tsara nasa mai kama da shi, wanda da irinsa ake rubuta sunan mujallar Vogue. Kyansa yana cikin wannan bambancin na kauri da siranta, kuma sai harafi ya yi girma ake ganinsa. Idan aka ƙanƙanta shi a kan baƙi, tawadar gefe tana malalowa ta cinye siririn layin. Ki bar shi a sunan kayanki kaɗai, babba, da ɗan tazara tsakanin haruffa. Lambar waya da adireshi a sa su da rubutu mai kauri ɗaya, kamar Montserrat.

Maman Hanan: To Malam, kwalbar ƙarama ce fa, sunan ma ba zai yi wani girma ba.

Auwalu mai zane: To a juya launin: baƙin rubutu a kan fari ko ruwan madara. Ko a ɗauki nau'in Bodoni mai kauri.

Anti Bilki: Ni katin bikin 'yata ne ya koya min. Sunan ango da ƙ yake, rubutun kuma babu ƙ a cikinsa, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ta fito daban kamar baƙuwa a gidan biki. Kafin komai ki sa a rubuta ɓ, ɗ, ƙ a gani.

Sani Fagge: Shekarata 12 a kan injin bugu. Hajiya, kada ki sake biyan kuɗin 500 sai an fitar miki da guda ɗaya. Ki manna a kwalbar, ki ajiye ta nesa da ke kamar taku uku, ki karanta. Ya kamata ma mai bugun ya faɗa miki tun farko.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan tura ƙanen nawa ya gyara, gwajin ɗaya zan fara karɓa.