Maratayin jitar bas ɗina yana yawan suɓucewa, wace dabara zan yi?

Mai Bas Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ranar Asabar muna wasa a gidan biki a unguwar Birni, na sunkuya zan gyara waya, sai kawai maratayin ya fice daga maɓallin sama da ke riƙe shi a jikin bas ɗina. Da gwiwa na tare ta, duk da haka sai da kanta ya daki siminti, kunnen ɗaure tsirkiyar G ya lanƙwashe. Wallahi har muka tashi hannuna rawa yake. Bas ce ƙirar Squier ta hannu, shekara biyu ina tara kuɗinta, kuma ita ce abincina.

Nauyinta ya haura kilo 4, ramin fatar maratayin kuma ya buɗe baki har babban yatsana yana shiga. Na ga makullan maratayi na kamfanonin Schaller da Dunlop a intanet, amma na zaga gari ban samu ba. Akwai biki ranar Juma'a. Wa ya taɓa haɗa nasa da hannu?

Ɗan Agadas:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kiyaye gaba. Wannan ba sai ka yi saƙo ko'ina ba. Makaɗan Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da jar robar da ke murfin kwalbar Grolsch, wata giya ta ƙasar Holan, har kamfanin Fender mai ƙera jitoci ya zo yana sayar da irin wannan robar. Mu ba ruwanmu da kwalbar, roba muke so.

Je wurin mai faci ka ce ya yanko maka tsohuwar robar cikin tayar babbar mota. Ban da ta babur, ta yi siriri, miƙewa take. Ka ɗora kwandalar dala ashirin (sefa ɗari) a kai ka zagaye ta da biro, faɗin kenan, milimita 26. Ka yanke da almakashi. Ramin tsakiya shi ne aikin: milimita 6 zuwa 7, lallai ya fi kan maɓallin ƙanƙanta sosai. Kada ka huda da wuƙa, don duk inda wuƙa ta bar ɗan tsagi nan robar za ta yage. Ka kai wa baduku ya buga maka da ƙarfen huda fata, bugu ɗaya. Sai ka sa maratayin tukuna, sannan ka ja robar ta haye kan maɓallin ta zauna a bayan fatar. In ta shiga cikin sauƙi, ramin ya yi yawa, sake wata. Ni sai na sa manyan yatsuna biyu ina nishi kafin ta hau.

Ka yanka guda shida ka zuba a jaka. Zafinmu da hunturu suna busar da roba, in ka ga ta fara tsattsagewa ka canza.

Bas na Jos:
Sannu ɗan'uwa, na ji maka. A coci nake kaɗa bas shekara 14. Abin da Ɗan Agadas ya faɗa daidai ne, amma kafin ka je wurin mai faci, kama maɓallin da yatsa ka juya shi. Yana motsi? In yana motsi, robar duniya ba za ta cece ka ba, don maɓallin ne zai fito da sukurunsa gaba ɗaya. Haka ta faru da ni ana tsakiyar waƙa, roba na nan daram a jikin maɓalli, bas na ƙasa.

Maganinsa: kwance sukurun, ka samo tsinken sakace biyu ko uku, ko tsinken ashana ka cire kan. Ka shafa musu farin gam na kafinta, ka cusa a ramin, ka karye abin da ya yi saura daidai bakin katako. Mayar da sukurun da hannu, a hankali, ka bar ta ta kwana kafin ka rataya. Kada ka zuba gam mai kamawa nan take, kuma kada wani ya ba ka sukuru mai kauri ya ce zai fi riƙewa. Ƙahon sama na jikin bas siriri ne, katakon yana iya darewa. Ɗan ƙyallen nan da ke tsakanin maɓalli da jikin jita ma ka mayar da shi, shi ke kare fenti.

Ni yanzu washa ta ƙarfe nake sawa, mai faɗi: maratayi, washa, sannan maɓalli, na ɗaure. Ba ya fita sai da sukurudireba. Illarsa, da maratayin za ka riƙa sa ta a jaka.

Baba Mai Jita:
Yarana, kun manta da fatar kanta. Kana Damagaram, garin dukawa! Ka ce ramin ya buɗe, to kai maratayin a ɗinke tsagin da zare mai ƙarfi, a lafta wata fatar a baya ta yi kauri biyu. Sai dai ka je da bas ɗin a gwada, don in kaurin ya yi yawa robar ba za ta sami wurin zama a wuyan maɓallin ba.

Masu jita ƙirar Gibson da tsofaffin jitoci kuma ku kula, fentinsu wani iri ne da ake kira nitro, roba tana ɓata shi in ta daɗe a manne. Squier ɗinka ba ta da wannan matsalar. Wayarka ma ka riƙa zaro ta ta tsakanin maratayi da jikin bas kafin ka soka, ko an taka ba za ta fizge ba.

Mai Bas Damagaram:
Allah Ya saka muku da alheri. Yaya na Jos, ka yi gaskiya, na taɓa maɓallin ƙasa sai ga shi yana juyawa kamar ba a ɗaure ba. Tsinke uku ya ci. Baba, na kai wa baduku, ya ɗinke, shi ya huda mini robar ma. Ta farko ta yage, ta biyu ta zauna cif. Jiya na rataya ta na yi ta tsalle a tsakar gida a kan katifa, ko gezau. Saura kunnen G, wa ya san yadda ake miƙe shi ba tare da ya karye ba?